Rabin Milimita a Kan Dutse

Sakkwato gari ne na takarda da tawada. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello, da 'yarsa Nana Asma'u, sun bar ɗaruruwan rubuce-rubuce, kuma a kan takarda suka bar su, almajirai suna kwafa daga hannu zuwa hannu har suka iso gare mu. Wanda ya shiga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ya ga yadda ake tattalin waɗannan takardu zai gane inda garin ya ajiye amanarsa. Dutse kuwa ba mu saba damƙa masa magana ba. Maƙabartunmu ba su da jerin duwatsu masu sassaƙaƙƙun sunaye irin na Turai, domin malamai sun ƙi rubutu a kan kabari, jama'a kuma suka bi.

Rubutun dutse ya shigo mana ne ta ƙofar hukuma. Tun daga zamanin En'e, zuwa Jihar Arewa maso Yamma da aka kafa a 1967, zuwa Jihar Sakkwato ta 1976, an saba cewa gini ba ya cika gini sai an manna masa allo a jikin bango: wane ya aza harsashi, wane ya buɗe, ranar kaza ga watan kaza. Yau al'adar ta sauko daga manyan gine-ginen gwamnati ta shiga unguwanni. Masallaci da makarantar Islamiyya da rijiyar burtsatse da ɗakin shan magani, kowanne yana da allonsa na mabul ko na giranit. Sau da yawa, bayan shekara talatin, fayil ya ɓace, waɗanda suka halarci bikin sun rasu ko sun manta, wannan allon shi kaɗai ne shaidar da ta rage. Abin da aka rubuta a kansa, daidai ne ko kuskure, shi zai zama tarihi.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan wasiƙa suna zama a kwamitocin gini, wasu su ke sa hannu a takardar biyan kuɗin allon. Kaɗan ne suka san cewa ingancin rubutun yana rataye a kan tsinin wata 'yar wuƙa da ba ta kai ƙwayar gero ba.

Yadda harafi ke shiga dutse

A birnin Rum, a gindin ginshiƙin sarki Tarajan da aka kammala a shekara ta 113 Miladiyya, akwai rubutun da har yau masu zanen haruffa ke ɗauka a matsayin ma'auni. Wani limamin coci ɗan Amurka, Edward Catich, ya nuna a littafinsa na 1968 cewa da buroshi aka fara zana haruffan a jikin dutsen kafin mai kurfi da guduma ya bi sawu. Wato tun asali aikin hawa biyu ne: zane, sannan sassaƙa. A 1870 wani Ba'amurke, Benjamin Tilghman, ya yi rajistar dabarar harba yashi da ƙarfin iska domin cin gilashi da dutse. Daga nan kurfi ya fara ja da baya.

Yadda ake yi a yau shi ne, a tsara rubutun a kwamfuta, galibi da CorelDRAW a shagunanmu, a tura shi ga injin yankan sitika. Injin ya yanka haruffan a jikin wata roba mai gam a baya. A manna robar a fuskar dutse, a tsince haruffan da tsinke a bar gurbinsu a buɗe, sannan a kunna kwamfireso a harba yashi. Yashin yana dukan roba ya yi tsalle ya koma, inda dutse ya fito fili kuwa sai ya ci shi. Idan an gama a zuba fenti a ramin, a ɓare robar. Duk abin da wuƙa ta yi a jikin roba, yashi zai kwafe shi a dutse ba tare da tambaya ba, kuma dutse ba shi da magogi.

Matsala ta farko ita ce yawancin injinan da ke shagunan garin nan an sayo su ne domin sitikar mota da ta Keke Napep da allunan shaguna. Kaurin irin wannan sitika bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Robar harbin yashi kuwa tana kusan milimita guda, wato ninki goma. A ƙasashen da sana'ar duwatsun kabari ta kafu akwai injina na musamman da ke jan roba ta ramukan da aka huda a gefenta, kamar yadda ake jan tsohon fim ɗin silima, domin kada ta zame. Mu a nan injin sitika muke ɗora wa kayan da ba nasa ba. Yana iya ɗauka, amma sai an san halinsa.

Allon makarantarmu

Na shiga wannan sha'ani ne a bazarar bara, lokacin da makarantar Islamiyyar unguwarmu ta kammala azuzuwa shida da kuɗin karo-karo. Da yake aikina na awo da zanen gini ne, kwamiti ya ɗora mini kula da allon. Layi bakwai ne, biyu da Larabci, biyar da boko, a cikinsu har da sunan wata baiwar Allah da ta ba da filin kyauta, ta rasu ba ta ga an aza bulo ko ɗaya ba. 'Ya'yanta za su halarci bikin. An riga an sayi dutse guda ɗaya, ba kuɗin na biyu, kuma saura kwana tara.

Da na je shagon da aka ba aikin, sai matashin da ke kula da injin ya shimfiɗa mini robar da ya yanka, yana ta sosa ƙeya. Ƙugiyar ƙ da ta ɗ sun dakushe sun zama kamar ƙurji a kan harafi. Ɗigon haruffan Larabci sun ƙi fita, in an ja su da tsinke sai su yago roba. Layin ƙarshe kuma ya karkace, ƙarshensa ya sauka ƙasa da farkonsa da milimita huɗu.

“Wanga inji ya tsuhwa, Malam,” in ji shi. “Sai dai a yi haƙuri da shi hakanan.”

Na ce masa, “Ɗan'uwa, tsufa ba ciwo ɗaya ba ne. Bari mu tambaye shi inda ke yi masa ciwo.”

Kwana biyu muka yi muna tambayarsa. Abin da ke biye shi ne tsarin da muka bi, kuma na tabbata zai yi aiki a kowane shago, domin kowace irin ɓarna tana da tambarinta.

Kusurwa ita ce shaidar farko

Kafin a taɓa ko da kusa ɗaya, a sa injin ya yanka murabba'i ƙarami da alwatika a cikinsa, da da'ira a gefe. Yawancin injina suna da maɓallin gwaji da ke yin kusan haka. Waɗannan siffofi uku sun fi duk wani makaniki iya ba da labari.

Wuƙar irin wannan inji ba ta da motar da ke juya ta. Jan ta ake yi, tana juyawa da kanta, kamar tayar kujerar ofis ko ta gadon asibiti da ke bin bayan ƙafarta. Saboda haka tsininta ba ya tsakiyar sandar da ke riƙe ta, yana ɗan baya kaɗan. A wuƙar sitika ta yau da kullum wannan tazara tana kusan milimita 0.25, a wuƙar kayan kauri kuwa takan kai 0.5 ko fiye. Dole a gaya wa injin wannan adadi, domin idan ya iso kusurwa ya ɗan wuce, ya kewaya, tsinin ya juyo daidai a kan kusurwar. Idan adadin da aka shigar ya gaza na gaskiya, kusurwoyin murabba'in za su fito a dunƙule. Idan ya zarce, kowace kusurwa za ta fito da ɗan ƙaho. A babban harafi mai tsawon taƙi guda ba mai lura da rabin milimita. A ƙugiyar ƙ mai faɗin milimita biyu, rabin milimita rubu'inta ne.

Sai kuma wuƙar kanta. Mai kusurwar digiri 45 ta sitika ce. Roba mai kauri tana son mai digiri 60, wadda ta fi tsini da zurfin baki. Tsinin na ƙarfe ne mai tauri amma mai saurin ɓalgacewa, kuma ido ba ya ganin ɓalgacewar sai da gilashin ƙara girma ko kyamarar waya. Tamu mun same ta mai digiri 45 ce, kuma bakinta ya karye. Da muka sa sabuwa mai digiri 60 kusurwoyi suka ƙara dunƙulewa, domin injin yana nan a kan 0.25 na tsohuwar. Muka riƙa ƙara adadin kaɗan-kaɗan, muna yanka murabba'i bayan kowane ƙari, har kusurwa ta tsaya cak.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare: idan wuƙa ta ƙi yanka, sai a ƙara fito da ita. Wuƙar da ta fito fiye da kima tana lanƙwasa, tana nutsewa cikin takardar baya, tana jan roba. Ƙa'ida ita ce a fito da ita gwargwadon kaurin robar kawai. A cire mariƙin daga inji, a ja shi da hannu a kan guntun roba: ya raba roba, ya bar ɗan sawu a takardar baya, kada ya huda ta. In an sami haka, sauran aikin na nauyin dannawa ne da gudu. Sitika takan yanku da nauyin da ke kusa da giram 100. Roba mai kauri tana neman ninki biyu ko uku. Gudu kuwa a rage shi sosai. Gaggawa a nan ita ce ke hana wuƙa juyowa a kan lokaci.

Ɗigon da ya ƙi rufewa

Da'ira tana gwada abu biyu. Idan ƙarshen yankan bai haɗu da farkonsa ba, ya bar ɗan zare da ke riƙe da ɗigon, to ko dai ba a umarci injin ya ɗan zarce wurin da ya faro ba, ko kuma wuƙa ba ta juyawa sumul a cikin mariƙinta. A cikin mariƙin akwai ɗan boris ƙarami. Ƙurar hunturu, wadda ba ta bar agogo ba balle inji, tana shiga ta haɗu da gam ɗin roba ta zama danƙo. A zare wuƙar, a hure ramin, a goge da kyau, a ɗiga ɗan mai mara nauyi. Idan an taɓa tsinin da farce ya kamata ya juya ba gardama.

Idan kuwa da'irar ta rufe amma ta fito kamar ƙwai, ko ta yi ɗan tsani a gefe biyu masu fuskantar juna, to akwai wasa a jikin injin. Hannun da ke ɗauke da wuƙa yana tafiya hagu da dama ne a kan bel. Bel ɗin na iya saki, ƙaramar kusar da ke riƙe da tayar haƙoransa a jikin mota na iya kwancewa. A kashe inji, a girgiza hannun a hankali. In ya motsa ba tare da bel ya motsa ba, an kama ɓarawon.

Wannan ɗigon da ake raina wa shi ne rabin haruffan Larabci. Ba'un da ta'un da nunun da ya'un a tsakiyar kalma jiki ɗaya gare su, ɗigo ne ya raba su. Akwai ma wani abin lura da ya shafe mu musamman. A rubutun allo da muka gada, fa'un ɗigo ɗaya gare shi a ƙasa, ƙafun ɗigo ɗaya a sama. A rubutun gabas, wanda shi ne ke cikin kwamfuta, fa'un ɗigo ɗaya a sama, ƙafun biyu. Saboda haka idan ɗigo ɗaya na ƙafun ya ƙi fita a roba, ɗan Islamiyya zai karanta fa'un, gardin allo kuma zai karanta ƙafun, kowannensu yana da hujja. Boko ma haka yake. Tun shekarun 1930 da aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, ƙugiyar nan ce ta raba baki da baƙi, kafa da ƙafa. A garin da ke da fadar Sarkin Musulmi, bai kamata a tunatar da kowa bambancin fada da faɗa ba.

Layin da ya karkace

Gaba da baya kuwa roba ce ke tafiya, wuƙa tana tsaye. A ƙarƙashin robar akwai sanda mai kaushi kamar sanfefa, a samanta akwai ƙananan tayoyi masu danna ta. Duk daidaiton tsawon aiki ya dogara ga wannan riƙo. Harshen umarnin da yawancin waɗannan injina ke ji, wanda kamfanin Hewlett-Packard ya ƙirƙiro, yana raba milimita ɗaya gida arba'in. Injin yana lissafi da wannan ƙanƙanta, amma bai san ko roba ta bi shi ba. Shi dai ya juya sanda.

Gwajin a nan shi ne doguwar siffa mai kusurwa huɗu, a ce milimita 500 a tsawo, 200 a faɗi. A yanka ta sau uku, a auna da rular ƙarfe. Idan duk ukun sun ba da 497, kuskuren na lissafi ne: kashi 0.6 cikin ɗari, wanda a allo mai tsawon mita ɗaya zai zama milimita shida, kuma ana gyara shi a manhaja ta hanyar shigar da abin da aka nema da abin da aka samu. Idan kuwa na farko ya ba da 497, na biyu 499, na uku 496, to kada a taɓa manhaja. Roba ce ke zamewa, kuma gyaran lissafi zai ƙara dagula lamarin ne kawai. A kuma auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarorin biyu. In awon ya bambanta, gefe ɗaya ya fi ɗaya tafiya.

Namu ya bambanta. Da muka ɗaga tayoyin sai muka ga ta hannun dama ta tsage, ta kuma yi shafaffen gefe saboda an saba barin ta a danne dare da rana. Sandar kaushin kuma ta toshe da ƙura da gam, muka wanke ta da tsohon buroshin haƙori. Abu na uku shi ne nauyin naɗin robar: an bar shi a bayan inji, motar tana jan sa da ƙarfinta duk lokacin da ta nemi ƙari. Magani shi ne a warware abin da ake bukata tun farko, a yanke shi, a sa injin ya ja shi gaba da baya sau biyu ba tare da yanka ba, domin tayoyi su yi wa kansu hanya. A kuma tsara yankan layi bayan layi, kada injin ya riƙa zarya daga sama zuwa ƙasa, domin kowace zarya dama ce ta zamewa.

Yanayin garinmu yana da hannu a nan. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, a shago mai rufin kwano ya fi haka. Roba tana laushi ta miƙe a ƙarƙashin taya, ta dawo bayan an cire ta, gam kuma ya narke ya bi wuƙa. Mun yanka tamu bayan sallar asuba, bayan ta kwana a shimfiɗe a ɗaka. Haka ma manna ta a dutse: a inuwa, dutse a wanke ya bushe, ba ƙura ko kaɗan. Tsakiyar haruffa irin o da a da d, da cikin mimun da wawun, tsibirai ne da ba abin da ke riƙe su sai gam. Idan ɗaya ya tashi a tsakiyar harbi, harafin ya zama rami.

Ɓarnar da ke zuwa kwatsam

Akwai ɓarna iri biyu da ba su da alaƙa da wuƙa ko taya. Ta farko, aiki yana tafiya lafiya sai a ji ƙara, daga nan duk abin da ya biyo baya ya gusa gefe da milimita biyu ko uku. Motocin ƙananan injina taki-taki suke tafiya, suna ƙirga takunsu, amma ba su da hanyar sanin sun yi tuntuɓe. Nauyin dannawa mai yawa tare da gudu yana jawo haka, raguwar ƙarfin wuta ma haka, musamman idan janareta ɗaya ke ɗauke da injin da kwamfireso. Inji ya samu sitabilaiza tasa, kuma kada a tayar da kwamfireso yana cikin yanka.

Ta biyu, wuƙa ta bar harafi ta ja dogon layi a karkace ta ratsa aikin gaba ɗaya, ko injin ya tsaya cik. Wannan ciwon hunturu ne. Busasshiyar iska da gogayyar roba suna tara lantarki, irin wanda ke tartsatsi a jikin bargo da dare, shi kuma ya rikita saƙon da ke bin waya daga kwamfuta. A haɗa jikin injin da ƙafafunsa da waya zuwa ƙasa, a yi amfani da gajeriyar wayar saƙo mai kyau, a yayyafa ruwa a daɓen shago.

Idan kuma wuƙa tana ƙin huda roba a wuri ɗaya kullum, komai harafin da ya faɗo wurin, a duba siririn kirtanin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin hanyar wuƙa. Ya yi kwari. Canza shi ake yi, kuma ba shi da tsada.

Ƙa'idar da ta ɗaure duk waɗannan ita ce a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada, a rubuta sakamako. Mai canza wuƙa da gudu da nauyi a tashi ɗaya, ko ya dace bai san abin da ya gyara ba, gobe kuma zai koma gidan jiya. Namu injin ciwo uku ne suka taru a kansa, kowanne yana ɓoye ɗan'uwansa. Kuɗin wuƙa da taya bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin dutsen ba.

Abin da inji ba zai gyara ba

Wani dattijo mai rubutun alluna da buroshi, wanda ya ga zamanin da ba kwamfuta, ya taɓa ce mini, “Mu da munka koya, sai ka karanta abu kahin ka rubuta shi. Yaran yanzu inji ka karanta musu.” Akwai gaskiya a maganarsa. Inji mai lafiya zai yanka kuskure da kyau ƙwarai.

Wani kuskuren a cikin fayil yake. Yawancin salon haruffan kwamfuta ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai mai aiki ya lanƙwaso wata 'yar ƙugiya ya ɗora a kan k, bai haɗe su sun zama jiki ɗaya ba, wuƙa ta bi ta yanke tsakaninsu. Larabci ma idan ba a haɗe mahaɗan haruffa ba haka zai faru, wata manhajar ma takan wargaza kalmar ta jera haruffan daga hagu. Tambarin da aka kwafo daga hoton waya kuwa yakan zo da ɗaruruwan ƙananan gaɓoɓi, wuƙa ta riƙa rawa a kansu. A buɗe fayil a yanayin da ke nuna zallar layukan yanka, a bi su da ido.

Wani kuskuren kuma na kwamiti ne. A Washintan, an buɗe dandalin tunawa da Martin Luther King a 2011 da wata maganarsa da aka taƙaita a jikin dutse, taƙaitawar ta sauya ma'ana, jama'a suka yi ca, har a 2013 aka kankare ta gaba ɗaya. Ƙasar da ke da kuɗi da ƙwararru ke nan. Mu namu tarkon ya fi yawa a kwanan wata. Allo ana sassaƙa shi kafin biki, kwamfuta kuma tana ba da kwanan Hijira ne bisa lissafi, alhali a Najeriya sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi take fitowa, kuma sau da yawa akan sami bambancin kwana guda. Idan za a sassaƙa kafin watan ya kama, a rubuta wata da shekara kawai, ko a jira. A kuma yi tunani kafin a cika allo da muƙaman da za su sauya kafin fenti ya bushe, a bar sunan wanda ya ba da fili ko ya haƙa rijiya a ƙaramin layi can ƙasa, inda haruffa suka fi wuyar yanka.

Akwai kuma haƙƙin wanda ke riƙe da bututun yashi. Yashin gulbi idan ya farfashe yana zama ƙura mai laushi da ke zama a huhu, tana jawo ciwon da ba ya warkewa, kuma sau da yawa ba ya bayyana sai bayan shekaru. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ta. Ƙasashe da dama sun hana harbi da irin wannan yashi. Wanda ya ba da aikin allo yana da ikon tambaya wa zai yi harbin, da me, kuma me zai sa a fuskarsa. Bai dace a rubuta sunan mai alheri da huhun ɗan wani ba.

Magabatanmu masu kwafar littattafai suna da al'adar da suke kira muƙabala: idan an gama kwafi, mutum ɗaya ya riƙe asali, ɗaya ya riƙe kwafi, a karanta a bayyane kalma bayan kalma, sai an gama a amince da shi. Da wannan ne rubutun mutanen da suka rasu shekara ɗari biyu da suka wuce ya iso mana ana iya karanta shi. Allon dutse ya fi takarda bukatar haka. Kafin a biya kuɗi, kwamiti ya nemi a buga rubutun a takarda da girmansa na gaskiya, mutum biyu su yi masa muƙabala, ɗaya daga cikinsu ya kasance daga iyalin wanda aka ambata. A nemi a yanka gwaji da mafi ƙanƙantar layi, wanda ke da ƙugiya da ɗigo, a tsince shi a gaban idon wakilin kwamiti. Bayan an manna roba a dutse, kafin a kunna kwamfireso, a ɗora rula a kan kowane layi, a sake karantawa sau ɗaya. Duka wannan bai wuce aikin awa biyu ba, kuma shi ne lokaci na ƙarshe da gyara ke yiwuwa da tsinke da guntun roba.